Muryar Inna a Bayan Ƙerana

Kafin ranar da muka je Birmingham, na yi imani cewa mahaifiyata ta fara ruɗewar tsufa. Na riga na yanke hukunci a raina, har na fara tsara kalmomin da zan sanar da ƙannena a gida ba tare da na tayar musu da hankali ba.

Inna ta zo Manchester bayan ta fita takabar mahaifinmu. Ƙannena ne suka ga ya kamata ta canza wuri na 'yan watanni, ni kuma na nema mata biza. Zuwan nata ya dace da shekarun da gwamnatin Birtaniya ke tsuke bakin aljihu, kuma wata biyu kafin saukarta aka rufe sashen da nake aiki, inda muke auna gurɓatar ƙasa a filayen tsofaffin masana'antu. Ban gaya mata ba. Na ce mata yanzu daga gida nake aiki, na ci gaba da zama a teburin falo ina cike takardun neman wani aikin. Matata ma'aikaciyar jinya ce, tana fita da sassafe ta dawo bayan isha'i. 'Yarmu, mai shekara goma sha huɗu a lokacin, tana makaranta. Gidanmu a unguwar Fallowfield ɗaki biyu ne da falo, a saman wani gida da ɗalibai ke haya. Saboda haka yini guda ni da Inna kaɗai ne a ciki.

Abubuwan da na gani na rubuta su a wani ƙaramin littafi, da kwanan wata, kamar yadda aka koya mini rubuta sakamakon gwaji. Ba ta magana. In na tambaye ta abu sai ta ce "to" ko "madalla", idonta a ƙasa. In na ajiye mata abinci sai ya huce a gabanta. In na shiga kicin tana ciki sai ta fita, wani lokaci in same ta tsaye a lungun da muke rataye riguna, ba ta yin komai. Sau uku a mako guda ta sa jikarta ta nuna mata alƙibla. Lokutan salla sun rikice mata, domin a hunturun nan azahar da la'asar da magariba kusan a jere suke zuwa. Na karanta maƙaloli da dama a kan cutar mantuwa, kuma duk abin da na karanta sai in gan shi a falona.

Ni ne ɗanta na fari. Duk Bahaushen da ya kai nan zai riga ni gane inda labarin ya dosa, kuma ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Na san ba ta taɓa kiran sunana ba. Na san da aka yaye ni kakata ta wajen uba ce ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma a ƙauyenmu da ke arewa da Gumel, daga nan makarantar kwana, daga nan jami'a a Zariya, daga nan Ingila. In na je gida, gaisuwarmu daga bakin ƙofa ce, minti biyu, ga mutane ko'ina. Ina ɗaukar kunyar ɗan fari a matsayin maganar suna kawai. Ban taɓa tsayawa na lissafa cewa a shekara arba'in da bakwai da na yi a duniya, ni da ita ba mu taɓa zama ɗaki ɗaya mu biyu na awa guda ba.

Matata ta ce mini, "Ka ƙyale ta, baƙunta ce da nauyi." Na ce mata ita tana ganin Inna awa ɗaya a yini, ni ina ganinta awa goma. Har yau ina jin kunyar muryar da na faɗi wannan da ita.

Na kai ta wajen GP, wato likitar unguwarmu. An ce mai fassara sai an jira makonni, don haka ni na zauna na fassara. Ɗakin ƙarami ne, kujerunmu a manne. Likitar mace ce mai fara'a. Ta ce Inna ta riƙe sunayen abubuwa uku a kai, doki da lemo da makulli, za ta tambaye ta anjima. Ta tambaye ta ranar da ake ciki da watan da ake ciki. Ta ba ta biro ta zana agogo. Ta nuna ni ta ce, wane ne wannan, yaya sunansa? Inna ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta ce a hankali, "A yi haƙuri." Na bayyana wa likita maganar suna, ta rubuta. Sauran shirun kuwa ban bayyana ba, domin ni ma na ɗauke shi yadda likitar ta ɗauke shi. Aka ce za a tura mu asibitin masu duba ƙwaƙwalwa, amma layin yana da tsawo.

Muna cikin wannan jira ne hutun tsakiyar zango ya zo. An ba 'yata aikin makaranta a kan tsirran hamada, ta gano cewa akwai wani lambu a Birmingham mai ɗakin gilashi da aka tara su a ciki. Ta dame ni. Na yarda ne saboda na karanta cewa fita tana taimakon masu irin wannan ciwo, kuma ba na iya barin Inna ita kaɗai.

Muka tashi da hantsi ranar Laraba, ana yayyafi. Inna da jikarta suna baya, kujerar gefena babu kowa. A kan babbar hanyar M6 na yi ta ƙoƙarin jawo hira. Na nuna mata tumaki a wani fili, masu gashi kamar an lulluɓa musu bargo. Ta ce, "Ikon Allah." Na nuna mata wani shaho da ya tsaya cak a iska a gefen titi yana kaɗa fiffike. Ta ce, "To." Ina kallonta ta madubi, na ga leɓenta na motsi, ban san ko tasbihi take yi ko magana da wanda ba ya nan ba. Da muka wuce gadojin nan da suka sarƙe da juna wajen Aston, na ce mata mun iso.  Na tuna ina riƙe da sitiyari ina tunanin wace ce a cikin ƙannena mata za ta iya barin gidanta ta koma ƙauye ta yi jinya.

Rana ta ɗan leƙo lokacin da muka shiga lambun. Ɗakin hamadar dogo ne, an zuba tsakuwa da jan yashi, an raba shi biyu da wani tudu a tsakiya wanda aka dasa manyan tsirrai a kai, wasu sun kusa taɓa rufi. Iskar ciki busasshiya ce, tana da ƙanshin ƙasar da ta daɗe ba ta ga ruwa ba. Ba kowa sai mu. Mun yi taku kaɗan 'yata ta ce ta manta littafinta a mota. Na ce su jira ni. Na kai rabin hanya na ji littafin a aljihun babbar rigar sanyina, inda ta cusa shi tun a gida. Na juyo, na shiga ta ƙofar da ta fi kusa, wadda ke ɗaya ɓangaren tudun.

Na ji wata tsohuwa tana faɗa da Hausa, da ƙarfi, da irin harshen mutanen garinmu. Wallahi tunanina na farko shi ne mun haɗu da wasu 'yan gida. Sai da ta yi jimla biyu na gane muryar.

"Ke Baturiya, janye hannunki! Wannan ba abar wasa ba ce."

"Kaka, ai duk cactus ne," in ji 'yata. Hausarta tana nan, amma da bakin Manchester take yin ta.

"Duk me? Ke da aka ce kina makaranta. Dubi ƙayar wannan, bibbiyu take fitowa kamar ƙahon akuya. Ƙerana ce, tamu ce. In kika karya ta farin ruwa zai fito kamar nono. Waccan mai ƙaya cunkus kamar bushiya ban san ta ba, ban san iyayenta ba. Baƙuwa ce."

Na tsaya inda nake. Tsirran da ke kan tudun sun kare ni, ina hango gefen mayafinta kawai ta tsakaninsu. Akwai 'yan alluna a gindin kowace shuka, wasu suna fuskantar ɓangarena. Na sunkuya na karanta. Wadda ta ce tamu ce daga Afirka ta Yamma aka kawo ta. Baƙuwar daga Meziko.

Ta ci gaba, tana tafiya tana nunawa. Ta gane aguwa, ta ce da ita ake shinge gona, a yanko reshe da rani a soka a ƙasa ba ko ɗigon ruwa, kafin damina ta kama. Ta gane tinya, ta ce mafarauta suna shafa ruwanta a kibiya, kuma akwai wani ɗan'uwan kakana da ya rasa akuya biyu saboda ita. Ta tsaya a kan wata ƙariya mai kumburarren gindi da aka dasa a tukunya, ta yi tsaki, ta ce an mayar da ita wada, a garinmu yanzu haka tana can ta yi jan fure ba ganye ko ɗaya. 'Yata tana ta cewa, "Kaka, a hankali, bari in sa a waya." Inna ta ce, "Sa a kanki mana, ko shi ma na ado ne?"

A ƙarshen ɗakin akwai akwatin gilashi da wani ƙadangare mai ƙayoyi a wutsiya, yana kwance a kan dutse a ƙarƙashin fitila. Na ji ta yi dariya. Ban tuna ranar da na taɓa jin dariyarta a kusa haka ba.

"Ƙadangare ma sai an kunna masa wuta a ƙasar nan. Sannu, bawan Allah. Kai ma ɗanka ne ya kawo ka?"

Suka dawo wajen ƙeranar. 'Yata ta tambaya ko farin ruwan nan nata yana makantarwa.

"Tambayi babanki. A'a, kar ki tambaye shi, bai sani ba. Shekararsa huɗu, shekarar da rijiyar gabas ta rufta. Ranar kasuwa ce, maza duk sun tafi. Ya karyo reshe a shingen bayan gida ya murje idonsa na hagu. Ihunsa na ji ina daka. Kakarsa tana can tana neman ludayi, ni ban san lokacin da na ture ta ba. Ina goyon gwaggonki a lokacin. Na kwantar da shi a cinyata na yi ta tatsa masa nono a idon har ya buɗe. A gaban kowa. Wata guda matan gida suna yi mini dariya, wai wance ta sayar da kunyarta a kan ƙerana."

Idona na hagu ya fi na dama rauni tun ina yaro. Abin da aka gaya mini shi ne kakata ce ta wanke shi da madarar shanu.

'Yata ta ce, "Kaka, kin tuna duk wannan, amma Baba ya ce a wajen GP ba ki tuna komai ba."

"Wajen matar nan? Doki, lemo, makulli. Abin da za a tara mutane a kansa ke nan? Wai ranar me yau. Talata ce mana, ranar da motar shara ke zuwa. Wai in faɗi sunansa, ga shi ga ni, gwiwarsa na neman taɓa tawa."

"To sauran fa, me ya sa ba ki amsa ba?"

"In yi ta zuba a gabansa kamar ke? Ku ne ba ku da ta ido. Ta bakinsa za a tambaye ni, ta bakinsa zan amsa, ina kallonsa yana kallona?" Ta rage murya, amma ina ji. "Ke, tsakaninki da Allah, lafiyarsa ƙalau kuwa? Namiji yini guda a ɗaka. Ko tari ba na iya yi. Abinci sai na jira ya shiga wanka nake ci. In ya ɗago ya zuba mini ido sai ya rubuta wani abu a littafi. Ni na ɗauka ma shi ne ba lafiya, ya kai mu asibiti ya fake da ni."

'Yata ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Dariya kike? Aikin ne ya tsaya, na sani ko ba a gaya mini ba. Mai aiki ba ya aske gemu da la'asar. Ina roƙa masa kullum. Kar ki ce na faɗa."

Na zauna a bakin tudun, a kan wani dutse, ban ko duba abin da ke bayana ba. Wata biyu ina ɗauke da wani abu a ƙirji wanda ban san nauyinsa ba sai da aka sauke shi. Na yi hamdala ba adadi. Akwai wani abu kuma a ƙarƙashin farin cikin, ba zan ɓoye ba: mace mai wannan baki, mai wannan barkwanci, ita ta haife ni, kuma sai da na laɓe a bayan ƙerana kamar ɓarawo na san haka. Na tambayi kaina ko in zagaya in ce mata na ji, in ce mata zamanin wannan kunya ya wuce. Na yi digiri uku, ina da hujjoji. Amma na ga cewa in na yi haka, abin da zan samu shi ne ta daina magana har da jikarta.

Na tashi na fita ta ƙofar da na shigo. Na zagaya ta waje, na ɗan tsaya a gaban kejin wasu tsuntsaye har idona ya washe, sannan na shiga ta ƙofar farko ina gyaran murya da sallama. Kafin in ƙarasa shirun ya dawo. Tana tsaye, hannayenta cikin mayafi, tana kallon tsakuwa.

Ta ce, "An samo?"

Na ce, "An samo, Inna."

Daga lambun muka nufi unguwar Sparkhill. Na kai su wani gidan abinci a Stratford Road, na sa aka kawo shinkafa da naman rago, na ce ni zan je masallaci in yi azahar, kuma zan ɗan daɗe domin ina so in duba wani kanti. Na yi sallar, na yi ta yawo a titin ina kallon kayan miya da atamfofin Indiyawa da ba ni da niyyar saye. Da na wuce ta tsallaken titi na hango su ta gilashi. Inna ta naɗe hannun riga tana ci, tana nuna jikarta da ƙashi tana faɗin wani abu. Na ƙara minti ashirin.

A hanyar dawowa muka tsaya shan mai. Inna tana mota, na ja 'yata gefe na tambaye ta ko Kaka takan yi mata magana a gida. Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa yana jiƙa mutum.

"Kullum mana. Ba ta barina in yi homework. In ka taɓa ƙofa ne take yin shiru."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ba ka tambaye ni ba, Baba. Kana ta rubutu a wannan littafin naka."

Ɗaki ɗaya suke kwana ita da kakarta. A duk bincikena ban taɓa tunanin in tambayi mutum ɗaya da ke da amsar ba, domin yarinya ce, kuma domin na riga na san abin da nake so in tabbatar. Da na ba matata labari ba ta ce "na gaya maka" ba. Ta ce kawai, "Allah sarki Inna, ashe da yunwa take yini." Wannan ya fi yi mini zafi.

Har yanzu, ina da shekara hamsin, ban gama yanke hukunci a kan wannan al'ada ba. Ba zan so 'yata ta yi wa ɗanta na fari haka ba. Amma ban ga ikon da nake da shi na cire wa Inna abin da ta rayu da shi fiye da shekara arba'in don kawai in ji daɗi ba.

Daga makon da ya biyo baya na fara barin gida da ƙarfe tara. Ɗakin karatun unguwarmu an rage masa kwanaki, don haka nakan hau bas zuwa Oxford Road in yi aikina a wani ɗakin karatu a can har la'asar. Da takardar asibiti ta iso, wata 'yar Kano mai karatun digiri na uku ce ta shiga da Inna ta fassara, ni na zauna a waje. Sun yi kusan awa guda a ciki. Ba a sami komai ba.